Ziyarar Fagge da Sabar Imel ta Ƙanina

Motar Zariya ta sauke ni a Unguwa Uku da hantsi, na tari adaidaita sahu muka bi ta gadar Dangi da Ƙofar Nasarawa har Fagge. Ƙanina ne ya matsa in zo in ga aikinsa. Tsohuwar kwamfuta ya saya a Beirut Road, ya ɗora mata Exim, manhajar da ke mai da kwamfuta sabar imel mai karɓa da aika saƙonni, ya haɗa ta da inbata saboda ɗaukewar wuta, ya biya kuɗin adireshin IP na dindindin, wato lambar da ake gane kwamfuta da ita a intanet, don saƙonnin sana'arsa su riƙa sauka a ɗakinsa.

"Yaya, ka gani? Har sun fara shigowa."

Na yaba masa da gaske, sannan na ce ya buɗe rajistar sabar, inda take rubuta duk wanda ya tuntuɓe ta. Nan fuskarsa ta sauya. Layi kan layi, baƙin adireshi ne daga ƙasashe daban-daban, wasu na cankar kalmar sirri, wasu na gwada ko sabar za ta yarda ta tura musu saƙonnin banza ga jama'a. Da ta yarda, da tuni Spamhaus, ƙungiyar da ke bin diddigin masu tura saƙonnin banza, ta saka shi cikin baƙin jerinta, saƙonsa na halal ma ya daina isa.

Mai karɓar imel dole ya bar ƙofa ta 25, mashigar da imel ke bi zuwa cikin saba, a buɗe ga kowa, tunda bai san wanda zai rubuto masa gobe ba. Manhajar kuma tana karanta abin da baƙo ya aiko tun kafin mutum ya sa ido. A 2019 an gano ɓaraka a Exim daga 4.87 zuwa 4.91, inda adireshin mai karɓa da aka ƙera da gangan ya isa a ba kwamfutar umarni. A Mayun 2020 hukumar tsaro ta NSA ta Amurka ta ce masu kutsen Sandworm na Rasha suna amfani da ita.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne sabar da wayar Hajiya, mai manhajar banki, duk rauta ɗaya suke hawa, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, don haka wanda ya kutsa cikin sabar zai iya kaiwa ga wayar. A gidajen Kano baƙo zaure yake tsayawa, wannan kuwa an shigo da shi har tsakar gida.

Bayan la'asar muka koma Beirut Road muka sayo rauta ta biyu, muka ware sabar ita kaɗai, ya sabunta Exim, ya sa Fail2ban, manhajar da ke toshe adireshin da ya yawaita cankar kalmar sirri. Shawarar da na ba shi ta ya yi hayar saba a waje ta riƙa tace saƙonni kafin su iso gida kuwa, ya ce sai ya lissafa kuɗin a dala tukuna.