Kafin ka biya dala 300 na jarrabawar CCNA

Kusan duk ƙanin da ya turo mini saƙo kan koyon aikin netwok, tambayarsa ɗaya ce: wace satifiket zan fara da ita, CCNA ta Cisco ko Network+ ta CompTIA? Ni ma da wannan tambayar na fara, kuma ita ta ja mini ɓata lokaci. Na ɗauka takardar ita ce sana'ar. Da na ji ana cewa akwai tarin tambayoyin da suka taɓa fitowa a jarrabawa, ana yawo da su a waya tare da amsoshinsu, sai na rungume su na shiga hadda dare da rana. Na ci jarrabawa kuwa, har da walima a gida. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, rabin amsoshin da na zaɓa ban san dalilinsu ba. Kuma ka sani tun yanzu, Cisco na ɗaukar amfani da waɗannan tambayoyin a matsayin maguɗi, tana iya soke takardar mutum a kansu.

Asirina ya tonu ne a wata makaranta da ke da ɗakin kwamfuta, inda aka kira mu saboda layi guda na kwamfutocin ya daina ganin intanet. Ina isa na buɗe laftof, na jona da rauta, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocin da intanet, na shiga bincikar saituna ina neman matsala irin ta littafi. Ogan da nake bi, wanda ko satifiket ɗaya ba shi da ita, bai ce mini uffan ba. Ya je gaban kwamfuta ɗaya ya buga ipconfig, umarnin da ke nuna adireshin kwamfuta a netwok, adireshin da ya fito ya fara da 169.254. Ya nuna mini da yatsa ya ce, "Malam, wannan ba ta samu mai ba ta adireshi ba, ita ta laƙaba wa kanta." Ya zagaya bayan suwic, akwatin da kebul-kebul ɗin kwamfutocin ke haɗuwa a jikinsa, ya ga fitilar ramin da kebul ɗin rauta ke shiga a mace take. Ya zare kebul ɗin, ya ɗaga kansa wajen haske, sai ga waya ɗaya daga cikin takwas ɗin ba ta kai ƙarshe ba. Ya yanke kan, ya jera wayoyin, ya matse sabo da filaya, ya mayar. Fitila ta kama, layin gaba ɗaya ya dawo. Ni kuwa ina tsaye da laftof a hannu, zufa na keto mini.

Matakai bakwai na OSI da na haddace don jarrabawa, wato yadda aka kasa aikin netwok hawa-hawa daga kebul zuwa manhaja, ashe tsarin neman matsala ne, daga ƙasa ake farawa. Akwai wuta? Fitilar rami na ci? Kebul lafiya? Kwamfuta ta samu adireshi? Tana iya yi wa rauta ping, wato ta aika mata ɗan saƙon gwaji ta samu amsa? Idan ping ya isa wani adireshi a intanet, kamar 8.8.8.8, amma shafi ya ƙi buɗewa da sunansa, to ka nufi DNS, tsarin da ke juya sunan shafi zuwa adireshi. Mafi yawan kiran da za a yi maka a shekarunka na farko a waɗannan tambayoyin za su ƙare, ba za su kai ka ga manyan saitunan rauta irin su OSPF ba.

Saboda haka ka fara da hannunka. Sayi filayar matse kai, da testa ƙarama, da kawunan kebul na RJ45 cikin leda, da 'yan mitoci na kebul Cat6. A Kano za ka same su a Beirut Road, a Legas kuma Computer Village da ke Ikeja. Ka zauna ka yi ta matsewa kana ɓatawa har jerin launukan wayoyi na T568B ya zauna maka ba tare da duba takarda ba: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka kuma riƙe cewa kebul ɗin tagulla ba ya wuce mita 100 a ja ɗaya. Na taɓa ganin inda aka ja shi daga ofis har gidan maigadi, aka yi ta zagin kamfanin intanet, alhali tsawon ne ya yi yawa.

Sai lissafin sabnet, wato raba netwok zuwa ƙananan gidaje, wanda shi ne abin da na fi gudu, kuma shi ne ya fi kunyata ni a gaban masu ɗaukar aiki. Na saba da manhajar waya mai lissafa mini, ranar da aka miƙo mini biro da farar takarda aka ce in raba 192.168.10.0/24 gida huɗu sai kaina ya ɗaure. Abin kuma ba wuya gare shi ba. Adireshin IPv4, wato irin wannan mai lambobi huɗu, bit 32 ne, kowane bit ko sifili ne ko ɗaya. Idan aka ce /24, an ɗaure 24, saura 8, wato adireshi 256. Kana son gida huɗu, sai ka ari bit biyu, ya koma /26, kowane gida adireshi 64. Na farko ya fara daga 0, na biyu 64, na uku 128, na huɗu 192. A kowanne ka cire biyu, na farko sunan gidan ne, na ƙarshe na shela ga kowa, saura 62 da za ka raba wa na'urori. Mas ɗinsa, wato /26 ɗin a rubuce irin na adireshi, shi ne 255.255.255.192. Ka yi irin wannan guda biyar kullum bayan sallar asuba, da biro, har ka kai ana faɗin /27 kana cewa 30 kafin a rufe baki. Wanda ya iya wannan, VLAN, wato raba suwic ɗaya zuwa netwok daban-daban, da tsarin rauta ba sa ba shi wahala, domin duk a kansa aka gina su. IPv6, sabon tsarin adireshi mai bit 128, shi ma kada ka tsallake shi don ka ji ana cewa ba a cika amfani da shi a nan ba. Tun Fabrairun 2011 babban rumbun adireshin IPv4 na duniya ya ƙare, kuma IPv6 na cikin jarrabawa.

Wajen gwaji, ba sai ka mallaki rauta ta Cisco ba. Packet Tracer, manhajar da ake kwaikwayon netwok a cikinta, kyauta ne idan ka yi rajista da Cisco Networking Academy, kuma laftof mai matsakaicin ƙarfi na ɗaukarsa. 'Yan'uwa na Maradi da Damagaram da suka yi boko da Faransanci, akwai darussan da harshen a can, sai dai ita jarrabawar da Turanci za a zauna ta, a fara saba ido da kalmomin tun da wuri. Wireshark, mai nuna saƙonnin da ke kai-komo a netwok, shi ma kyauta ne. Ka buɗe shi, ka cire kebul ka mayar, ka kalli yadda kwamfutarka ke roƙon adireshi da yadda DHCP, mai raba adireshi, ke amsa mata, saƙo huɗu a jere. Ka gina netwok, ka ɓata shi da gangan, ka bar shi ya kwana, gobe ka zo ka nemo abin da ka ɓata. Da abokin karatu ya fi daɗi, shi ya ɓata naka kai ka ɓata nasa.

Amma a cikin Packet Tracer ba a ɗauke wuta. Na taɓa shafe yini ina saita suwic a wani ofis, komai ya tafi daidai, ina tattara kayana NEPA ta ɗauke. Kafin a tayar da janareta, aikin gaba ɗaya ya bi iska, don ban buga umarnin adana saituna, copy running-config startup-config, ba. Na san umarnin, har ya fito mini a jarrabawa, amma hannuna bai saba da shi ba. Yanzu ko layi biyu na canza sai na adana, kuma kafin in taɓa na'urar da ke aiki sai na kwafe saitunanta na ajiye a gefe. Idan mai wuri ya ce babu kuɗin UPS, batirin da ke riƙe na'ura idan an ɗauke wuta, ina gaya masa a rubuce abin da zai biyo baya.

To yaushe za a zauna jarrabawar? Tun Fabrairun 2020 Cisco ta haɗe rassan CCNA zuwa jarrabawa ɗaya, 200-301, ta minti 120, kuɗinta dala 300, kuma shekara uku takardar ke yi ta mutu sai an sabunta. Dubi farashin dala ka auna. Ni na yi tawa da wuri, rabin rayuwarta ya ƙare ina zaune ban da aiki. Ra'ayina, ka jinkirta biya har sai kana iya haɗa ƙaramin ofis daga kebul zuwa VLAN ba tare da buɗe littafi ba, kuma ka fara hango inda za ka kai takardar. Tana da amfani, bankuna da kamfanonin sadarwa na duba ta, ban ce ka raina ta ba. Sai dai ka sani cewa a otal, da makarantu, da cibiyoyin CBT da ake zana JAMB, da wajen masu sayar da intanet a unguwa, abin da za ka fi tararwa shi ne na'urorin MikroTik na ƙasar Latbiya, da Ubiquiti, da Huawei, da TP-Link. Ni sai da na sha kunya a gaban MikroTik kafin na yarda in koye shi. Ƙaramarsa ba ta da tsada, ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku ku saya. Ka ɗan taɓa Linux kuma, da Python kaɗan, tunda kashi 10 cikin 100 na jarrabawar yanzu kan sarrafa netwok da manhaja ne.

Idan lokacin SIWES ya zo, wato fitar ɗalibai koyon aiki, kada ka nemi ofis mai sanyi inda za ka riƙa sa hannu a rajista kana danna waya. Nemi inda za a ɗora maka tsani ka shiga silin, ka ja kebul, ka ga inda ɓera ya ci. Ke ma ƙanwata, kada wani ya ce miki aikin na maza ne. Hawa tsani ƙaramin ɓangare ne, saita na'urori da sa ido kan netwok a zaune ake yin su, kuma can ne albashin ya fi kauri.

Abu ɗaya da babu malamin da ya koya mini: rubutu. Duk kebul ɗin da ka ja, ka manna masa lamba a kai biyu. Ka zana taswirar wurin ko da a takardar makaranta ce, ka rubuta wane rami ke zuwa wane ɗaki, wane adireshi ke kan wace na'ura. Ka canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga kamfani, ka rubuta sabuwar ka damƙa wa mai wurin hannu da hannu. Wasu na riƙe ta don dole a sake kiransu. Na gwada haka sau ɗaya, mai wurin ya kira wani ya goge rautar gaba ɗaya ya sake saitawa, kuma bai ƙara nemana ba.