Abin da kulocin taraktar yankan ciyawa ya koya mini

A shekara ta biyu da fara aikina a sashen gyaran injuna na wata makarantar kwana, aka ɗora mini kula da ƙaramar taraktar da ake yanke ciyawar filin ƙwallo da ita. Ƙirar Amurka ce, ta hannu aka sayo ta, irin wadda mutum ke hawa ya zauna, wuƙaƙe biyu na juyawa a cikin wani faffaɗan kwano na ƙarfe da ke ƙarƙashinta. A tsakiyar watan Agusta, lokacin da ciyawa ke tashi cikin kwana huɗu kamar ba a taɓa yanke ta ba, sai ta ɓullo da wani hali: da safe a ja makunnin yanka, a ji ƙas, wuƙaƙe su kama aiki lafiya, amma idan direba ya yi kamar minti 20 yana yanka, ya kashe don ya kawar da dutse ko reshe, to ko sau nawa ya sake jan makunnin ba abin da zai motsa. Sai an bar ta a inuwa ta huce sannan ta yarda.

Ban ɓata lokaci ba na yanke hukunci. Na je wurin maigidana, wanda ya fi shekara 30 yana gyaran janareta da injunan ban ruwa, na ce masa, Baba, kulocin nan ya ƙone, sai dai a nemo sabo. Bai musa mini ba. Ya tambaye ni nawa mitar awon lantarki ta nuna, na ce ban auna ba, sai ya miƙo mini mitar, ya ce in je in dawo masa da lambobi, domin kayan irin wannan tarakta ba a cika samun su a kasuwa ba, sai an yi odarsu daga waje an jira makonni, kuma ciyawa ba za ta jira mu ba.

Kafin in iya auna komai sai da na fahimci abin da ke gabana. Wannan kuloci ba irin na mota ba ne da ake takawa da ƙafa. Na lantarki ne, kuma kamfanoni irin su Warner Electric da Ogura ne suka fi ƙera shi. Yana ɗaure a ƙarshen karanshaf, wato sandar ƙarfen da injin ke juyawa, ƙarƙashin injin. A cikinsa akwai kwayil, wato naɗin wayar tagulla da ba ya juyawa, sai faifai ɗaya da ke juyawa tare da injin a kullum, sai faifai na biyu da ke haɗe da gurbin da bel ke hawa. Idan wuta ta shiga kwayil sai ya zama maganaɗisu, ya fizgo faifai na biyu ya manne da na farko, bel ya ja wuƙaƙe. Idan an yanke wutar, ƙarafa masu tsalle su janye faifan ya koma kan birki, wuƙaƙe su tsaya cikin daƙiƙu kaɗan. Wannan ƙas ɗin da ake ji ƙarar haɗuwar faifan biyu ce.

Na cire kan fulogi, na zare wayar kuloci, na auna kwayil yana sanyi. Ya nuna om 3 (om shi ne ma'aunin yadda waya ke tauye wuta), wanda ke cikin abin da ake tsammani ga irin waɗannan, wajen om 2 zuwa 4. Na ɗora baki ɗaya na mita a kan waya, ɗaya a jikin ƙarfe, babu alamar wuta na zurarewa. Na jawo waya kai tsaye daga batir, faifai ya buga ƙas da ƙarfinsa. Abin da na ce ya ƙone lafiyarsa ƙalau, aƙalla a wannan safiya.

A nan ne na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko ɗaukar mini lokaci. Tun da na ga lambobi sun yi kyau, sai na koma bin makunnan tsaro ɗaya bayan ɗaya, na kujera da na birki da makunnin yankan kansa, ina auna su duka a cikin rumfa, injin a kashe, komai a sanyaye. Na yini guda ban sami laifi ba, domin ina neman cutar a lokacin da ba ta nan. Abu ɗaya kawai na gano, kuma har yanzu idan na tuna shi raina yana ɓaci: wani ya taɓa haɗe wayoyin makunnin kujera da guntun waya, don injin ya daina mutuwa idan direba ya tashi. Wannan makunni shi ne ke hana wuƙaƙe ci gaba da juyawa idan mutum ya faɗo ko ya sauka, a filin da yara ke wucewa safe da yamma. Na cire guntun wayar, na mayar da shi yadda aka ƙera shi, amma ba shi ne matsalar da nake nema ba.

Washegari maigidana ya ce in ɗauki mitar in bi taraktar cikin fili, in jira sai ta yi halin nata, sannan in auna nan take kafin ta huce. Haka na yi. Da ta ƙi kamawa, injin na aiki, na ɗora mita a kan batir na ga volt 12 da ɗan kaɗan, alhali idan caji na tafiya daidai ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. A bakin wayar kuloci kuwa, da makunni a jaye, abin da ke isowa bai wuce 11 ba. Na kashe injin na auna kwayil da zafinsa, ya haura zuwa kusan om 4.

Da na zauna da waɗannan lambobi a takarda ne abin ya buɗe mini. Tagulla tana ƙara tauye wuta idan ta yi zafi, da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kan kowane digiri ɗaya, saboda haka kwayil ɗin da ke jan amfiya 4 da safe, da volt 12 a kan om 3, ya koma jan ƙasa da amfiya 3 da rana, da volt 11 a kan om 4. Ƙarfin maganaɗisu kuwa yana bin yawan wutar da ke ratsa kwayil. Sannan akwai abin da ban taɓa tunaninsa ba: riƙe faifan da ya riga ya manne ba ya bukatar ƙarfi mai yawa, amma fizgo shi daga nesa yana bukata, kuma ƙarfin jan yana raguwa da sauri ƙwarai da zarar tazara ta ƙaru. Shi ya sa taraktar ba ta taɓa saki a tsakiyar yanka ba, sai dai ta ƙi sake kamawa bayan an kashe.

Wannan ya kai ni ga tazarar da ke tsakanin faifan biyu. A jikin murfin kulocin akwai ƙananan tagogi uku da aka yanka, kusa da kowace akwai noti a kan ƙarfe mai tsalle. Littafin taraktar da inci ya yi magana, kamar yadda Amurkawa suka saba, ya ce tazarar ta kasance wajen inci 0.015, wato milimita 0.38, kaurin da bai kai na takardu biyar ba. Na kwanta a ƙasa da siraran ƙarafan awon tazara, na zura na 0.015 ya shige yana lilo, na zura wanda ya ninka shi kauri, shi ma ya shige. Shekarun gogayya sun cinye fuskokin faifan. Na fara ɗaure notocin, kuma a nan na koyi cewa ba a gama da ɗaya a koma ɗaya, domin duk wanda aka taɓa yana canza sauran biyun. Zagayen farko na matse gefe ɗaya fiye da kima, da na juya injin da hannu sai na ji faifai yana goga ba tare da wuta ba, wanda da an tayar da shi a haka zai yi zafi, wuƙaƙe ma su iya motsawa makunni na kashe. Na sassauta, na dinga zagayawa da kwata-kwatan juyi, har ƙarfen awon ya riƙa shiga kowace taga da ɗan ja kaɗan iri ɗaya. Ba kowane kuloci ke da wannan gyara ba. Wasu an ƙera su ba noti, idan sun cinye sai canji.

Matsalar caji ba ta ba ni wahala ba. Mahaɗin wayoyin regileta, na'urar da ke daidaita cajin batir, ya yi tsatsa, baki ɗaya har ya yi baƙi don zafi, haka ma inda baƙar wayar batir ke ɗaure a jikin ƙarfe. Na kankare su da samfefa, na canza bakin da ya ƙone, mita ta koma nuna 14.

Maigidana bai bar ni na tattara kaya ba sai da ya tambayi abin da ya sa faifan ya cinye haka. Muka zame bel, ya sa na juya kowace wuƙa da hannu. Ta dama ta juya sumul, ta hagu tana gurnani tana cijewa, boris ɗinta, wato zoben da sandarta ke juyawa a ciki, ya bushe. Duk lokacin da aka ja makunni, kulocin sai ya ɗan zame yana fama da wannan nauyi kafin ya kama. Ga kuma al'adar direba ta kunna wuƙaƙe a tsakiyar doguwar ciyawa mai raɓa. Boris ɗin, ba kamar kuloci ba, lambar da ke jikinsa ta gama-gari ce, an same shi a kasuwa a ranar. Direban kuma na roƙe shi ya riƙa kunnawa a inda aka riga aka yanke, ya jira wuƙaƙe su ɗauki gudu kafin ya shiga ciyawa.

Da la'asar na hau taraktar da kaina na yi fiye da awa guda a fili, ina kashewa ina kunnawa kowane minti 10, ina saurare. Sau bakwai na gwada, sau bakwai na ji ƙas. Na rubuta lambobin duka, na sanyi da na zafi, a cikin murfin littafin taraktar tare da kwanan wata, na ƙara da cewa a sake auna tazarar a farkon damina mai zuwa.