Kawaicina bai samo wa yarona mai koyar da magana ba

Yaron ɗan fari ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba, ko zaman Ingilan nan bai cire min wannan kunyar ba. Yanzu shekararsa takwas. Yana da otizim, abin da wasu kafafen labarai na Hausa suke kira galahanga, ni dai kalmar ba ta taɓa kwanta min ba saboda na taso ina jin ana jifan mutane da ita. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne a 'yan shekarun nan mutanenmu sun yawaita a ƙasar nan, masu aikin asibiti da masu kula da tsofaffi da ɗalibai, kuma cikin wata biyu kacal mata uku suka kira ni a ɓoye, kowacce da irin maganar da ni ma na taɓa yi, wai Anti yaron nan fa har yanzu shiru.

Mu namu ya fara ne a 2019, lokacin awon da ake yi wa yara in sun cika shekara biyu. Ma'aikaciyar lafiya ta tambaye ni kalma nawa yake faɗa, na ce babu ko ɗaya, ta kira sunansa sau uku bai waiwayo ba, yana can yana jera cokula a kan kafet kamar yadda ya saba wuni yana yi. Da na gaya wa Hajiya a waya ta ce haba ke kuwa, ubansa ma sai da ya shekara uku kafin ya buɗe baki, maza ai haka suke. Aka aiko da rubutu, aka yi tofi, zuma da habbatus sauda babu wanda ban ba shi ba, kuma har gobe ina yi masa addu'a safe da dare, wannan ba abin da zan bari ba ne. Sai dai a lokacin na ɗauka jira shi ma magani ne. Aka sa sunansa a layin ganin likitan yara, sai korona ta zo a 2020 aka kulle komai, layin ya tsaya cak, ba mu samu takardar da ta tabbatar da otizim ɗin ba sai ƙarshen 2021.

A watan Satumba na shekarar ya shiga ajin farko na firamare, yara talatin malama ɗaya da mataimakiya ɗaya. Ƙararrawa ta kaɗa ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin tebur, ɗakin cin abinci kuwa ko ƙofarsa ba ya yarda ya kusanta saboda hayaniya, ga shi har lokacin da famfas yake zuwa. Sati na uku aka ce min gara in riƙa zuwa ɗaukarsa ƙarfe sha ɗaya, don kada ya gaji. Na ce to ba komai, na gode. Na rage aikina, kullum sha ɗaya ina bakin get, sauran yara na ciki nawa na hannuna muna tafiya gida, haka muka ci zango guda cur. Ban san cewa rage wa yaro lokacin makaranta abu ne na wucin gadi da sai da yardar iyaye ake yi kuma da ranar ƙarewa ba, ban san cewa a ce ki zo ki ɗauke shi haka kawai ba tare da takarda ba ya saɓa wa doka ba. Ni dai ina ganin suna ƙoƙari da yaro mai wahala, bai kamata in zama mara godiya ba.

Kowace makarantar gwamnati a nan tana da malamar da ke kula da yara masu buƙata ta musamman, ana ce mata SENCO. Tamu mutuniyar kirki ce wallahi, aiki ne ya yi mata yawa. Da na tambaye ta zancen mai koyar da magana ta ce min akwai wata takarda da ake kira EHCP, wadda ƙaramar hukuma ke rubuta taimakon da dole a ba yaro a cikinta, amma wai sai makaranta ta nuna ta kashe fam 6,000 a kansa, sai an gwada zango biyu ko uku tukuna. Na yarda na koma gida na ci gaba da jira.

Wata 'yar Somaliya ce ta farkar da ni a masallaci ranar wata Juma'a, ta ga yadda yaron yake kaɗa hannu yana zagaye ginshiƙi, ta matso ta ce nata ma haka yake, ta tambaye ni ko muna da takardar, na ba ta labarin fam dubu shida, sai ta kama hannuna ta ce 'yar'uwa ke da kanki za ki rubuta wa ƙaramar hukuma, ba sai makaranta ta yi miki ba. Ta nuna min shafin wata ƙungiya mai suna IPSEA da ke ba iyaye shawarar shari'a kyauta har da samfurin wasiƙa, ta kuma ce kowace ƙaramar hukuma a Ingila dole tana da ofishin ba da shawara da ake kira SENDIASS, shi ma kyauta. Daren nan ban yi barci ba ina karatu a waya.

Ga abin da na gano. Dokar yara da iyali ta 2014 ita ta kawo EHCP, takarda ce da ke haɗa buƙatun yaro na ilimi da lafiya da kulawa, tana iya bin sa har shekara 25 in yana karatu, kuma ta Ingila ce kawai, Sikotilan da Wales nasu tsarin daban. Kafin a bayar sai an yi wa yaro gwaji, sharaɗin gwajin kuma abu biyu ne kawai, yaron yana da buƙata ta musamman ko ana jin yana iya kasancewa da ita, sannan mai yiwuwa sai da takardar za a iya biya masa ita. Shi ke nan. Babu fam dubu shida a cikin sharaɗin, wannan lissafin kasafin makarantu ne, ko takardar likita ma ba dole ba ce. Daga ranar da wasiƙarki ta shiga hukuma tana da sati 6 ta ce za ta yi gwajin ko ba za ta yi ba, kuma in za a bayar da takardar duk abin ya ƙare cikin sati 20.

Abbansu ya fi ni tsoro da farko, kuma tsoronsa irin na mutanenmu ne da yawa. Na ɗaya kada ma'aikatan jin daɗin jama'a su shigo mana gida su ce ba mu iya riƙon yaro ba su ƙwace shi. Na biyu biza, don a lokacin an rubuta mana ba mu da izinin cin kuɗin tallafin gwamnati. Muka bincika muka tabbatar karatun yaro da taimakon da ake ba shi a makaranta ba sa cikin abin da aka hana, amma kuɗin nakasa na yara da ake kira DLA yana ciki, wannan kam a kula, kada a cike fom ɗinsa sai an tambayi wanda ya san dokar shige da fice. Zancen ƙwace yaro kuma, an dai kira mu a waya sau ɗaya aka tambaye mu ko muna buƙatar taimako a gida, iyakar abin ke nan.

Abin da ya fi komai yi min wuya shi ne rubuta bayanin iyaye. An tarbiyyantar da mu a kan rufin asiri, ko kana kwance aka ce yaya jiki sai ka ce da sauƙi, ni kuma ga shi ana so in zauna in rubuta wa baƙi cewa ɗana ɗan shekara kusan biyar ba ya iya cewa yana jin ƙishirwa, yana cizon hannunsa har ya yi jini in abu ya dame shi, ya taɓa ƙwacewa ya faɗa titi, abinci kala huɗu kawai yake ci a duniya. Rubutun farko da na yi duk yabo ne, yaro ne mai fara'a mai son lambobi, na kai wa matar SENDIASS ta karanta ta ce duk gaskiya ne, amma wanda ya karanta wannan zai ce yaron ba ya buƙatar komai. Na koma na rubuta ranarsa mafi muni daga asuba har dare, ina yi ina kuka ina jin kamar tona masa asiri nake, sai da na riƙa tuna wa kaina likita ma ba a ɓoye masa ciwo.

Na tura wasiƙar a Janairun 2022. Sati shida cif amsa ta zo, sun ƙi, wai makaranta za ta iya da abin da take da shi. Da ni ce ta da, da a nan zancen ya mutu. Amma a ƙasan wasiƙar dole su rubuta cewa kina da damar ɗaukaka ƙara zuwa kotu ta musamman, cikin wata biyu, bayan kin kira masu sulhu kin karɓi takardar shaida, ba dole ne ki zauna sulhun ba, kiran dai ake so. Ba a biyan ko sisi, ba sai da lauya ba. Kuma alƙaluman gwamnati da kansu sun nuna a cikin ƙararrakin da kotun ta yanke hukunci sama da tara cikin goma iyaye ne ke samun nasara, ko duka ko wani ɓangare. Na haɗa rahoton likita, da jadawalin da ke nuna sha ɗaya ake sallamarsa, da imel ɗin da malamarsa ta taɓa turo min tana cewa ba ya iya zama a aji sai da babba a gefensa. Kafin ranar da za a duba ƙarar ta zo hukumar ta janye ta ce za ta yi gwajin.

A wajen gwajin ne aka sauke min wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi. Tun yana nazare wata malama ta ce min in daina yi masa Hausa, wai harshe biyu na rikita shi, ni kuwa na bi, shekara biyu ina yi wa ɗan da na haifa Turanci, ko rarrashi ba ya fita daidai. Mai koyar da maganar da ta gwada shi ta ce sam, harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana, in yi masa yaren da ya fi zama a bakina. Ranar da daddare na yi masa wasa da waƙar da Hajiya take mana muna yara, ya tsaya yana kallon bakina.

Sai daftarin takardar ya zo, kuma nan ne nake roƙon kowace uwa ta buɗe ido. Takardar sashe-sashe ce, sashen B buƙatun yaro, sashen F abin da za a yi masa, sashen I sunan makaranta. Abin da aka rubuta a F doka ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta samar da shi, ba uzurin babu kuɗi. To namu daftarin cike yake da irin su zai amfana da taimakon magana, zai samu damar zama da babba, za a riƙa duba shi a kai a kai. Wannan ba alkawari ba ne, in sau ɗaya aka zo a shekara an cika shi. Sannan sun tura koyar da maganar zuwa sashen lafiya, alhali doka ta ce duk abin da ke koyar da yaro ko horar da shi na ilimi ne, a F ya kamata ya zauna. Kwana 15 ake ba iyaye su yi gyara. Na ɗauki jan biro na bi layi-layi, kowace jimla ina tambayarta wa zai yi, minti nawa, sau nawa a sati, da wace shaidar ƙwarewa. Na nemi zama da su, na tafi da Abbansu da matar SENDIASS, muryata na rawa amma ban ce ba komai ba ko sau ɗaya.

Takardar ƙarshe ta fito a watan Maris na 2023, wata goma sha huɗu ke nan maimakon sati ashirin. A ciki akwai minti 45 kowane sati da ƙwararriyar mai koyar da magana, da mataimakiya tasa shi kaɗai awa 25 a sati wadda aka horar, da wata ƙwararriya da ke zuwa sau biyu a zango don abin da ya shafi riƙe fensir da ƙarar da ke damunsa, da ɗan ɗaki mara hayaniya inda yake cin abincinsa. Ya koma wuni cikakke. Da hotuna ya fara, ya miƙo hoton kofi a ba shi ruwa, bayan wata bakwai wata rana a kicin ya ce ruwa da bakinsa, da Hausa. Yanzu yana haɗa kalma uku huɗu, in an kira Hajiya a bidiyo yana ce mata ina kwana ko da dare ne, ita kuwa ta amsa da lafiya lau maigida tana share hawaye da mayafi.

Ƙanwata da ke Kano ta tambaye ni ko akwai irin wannan a gida saboda ɗan maƙwabciyarta. Akwai dokar hana nuna wa masu nakasa wariya da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu, amma ba ta zo da takardar yaro ɗaya-ɗaya mai minti da awa irin wannan ba. Na ce mata ko ba komai uwar ta sayi littafi ta fara rubuta abin da ta gani da abin da malamai suka faɗa mata da kwanan wata, ta kuma kai shi a gwada kunnensa tukuna.

Ni ma littafin nan har yau yana cikin jakata. Mai koyar da maganarsa ta bar aiki bayan hutun Kirsimeti, aka yi sati bakwai ba a kawo wata ba, makaranta ta ce in yi haƙuri ana nema. Na ce na yi, amma na rubuta wa ƙaramar hukuma imel na lissafa ranakun ɗaya bayan ɗaya, don ita doka ta ɗora wa nauyin ba makaranta ba. Wata mai zuwa ne zaman bitar takardar da ake yi duk shekara, zan tafi da littafin, sati bakwai ɗin nan sai an rama masa su.