Asabar ɗin da shinkafa ta ƙare a Agege

Duk Asabar ɗin ƙarshen wata mu ƴan Zumuntar Mata na sashen Hausa a cocinmu muna dafa abinci mu kai bakin layin dogo a Agege cikin Legas, inda makafi da guragu da tsofaffi ke zama suna bara. Ba wani abin a zo a gani bane fa, dafa-duka ce da dafaffen ƙwai, in baiko yayi auki a ɗora ɗan kifi, sai fiya wata. Ranar Juma'a mutum biyu su shiga kasuwar Mile 12 su sayo tumatir da tattasai da albasa, asuba nayi mun hura gawayi dan gas yafi ƙarfinmu tuntuni.

Mun fara ne a 2022, bayan an hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida na Legas a watan Yuni, samarinmu da yawa suka zauna ba aiki ba kuɗin motar komawa gida. Sai kuma aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kafin kice me buhun shinkafa ya haura dubu 80 a 2024. Da roba 150 muke cikawa, yanzu da ƙyar muke haɗa 90.

Gaskiya na fara gajiya, in ma ban faɗa ba Allah ya sani. Roba 90 a gari kamar Legas me zata tsinana, ka ba mutum yau gobe Lahadi yunwar na nan tana jiransa, ga tureren da ake yi, ga mai karɓa ya ɓoye a riga ya sake miƙo hannu, ga kuma wasu a cikinmu da sai sun ɗauki hoton mabaraci sun sa a Facebook kafin su sakar masa robar, wannan kam har yau yana ƙona min rai. Kullum muna addu'a muna ce wa Allah Mulkinka ya zo, ni kuwa ina duba kwata da ƙudaje ina cewa a zuciyata to ina yake?

Watan jiya abinci ya ƙare da wuri. Ina tattara kuloli nake ce wa Mama shugabarmu ni ko ruwan shayi ban sa a cikina ba tun safe, ashe wata tsohuwa makauniya da ta samu robar ƙarshe tana jina. Sai tace, "Ke ƴar nan, zo ki zauna."

Nace, "A'a Iya, ai naki ne, ki ci abinki."

"Wadda ta dafa bata ci ba ni in ci? Wanke hannu."

Na zauna a kan kwalin da take kai. Ta lalubo ƙwan ta raba shi uku da babban yatsa, ita da ni da ɗan jagoranta, tayi bismillah ni kuma nayi addu'ata cikin sunan Yesu, ba wadda ta ce wa wata komai. Muna cikin ci wani kwandastan bas ɗin haya ta danfo Bayerabe ya tsaya ya kalle mu, yaje ya dawo da burodin Agege guda ya ajiye a gabanmu ya ruga motarsa.

Da na koma gida na buɗe Littafi Mai Tsarki, Luka sura 14. Nan ne Yesu yace in zaka yi biki kada ka kira abokanka da danginka da maƙwabta masu hali, ka kira matalauta da nakasassu da guragu da makafi dan basu da abin rama maka, daga nan ya kwatanta Mulkin Allah da babban biki wanda manyan baƙi suka ƙi zuwa, aka kwaso mutanen kan titi da lungu har gida ya cika. Na sha karanta wurin amma kullum ni nake ɗaukar kaina mai riƙe ludayi, ban taɓa kawowa a raina ina cikin waɗanda aka kwaso daga titin ba sai ranar, da makauniya ta gayyace ni cin shinkafar da ni na dafa.

Ishaya sura 25 ma maganar biki ce, na dukan al'ummai, inda Ubangiji zai haɗiye mutuwa ya share hawaye daga kowace fuska. Bamu kai can ba, Iya har yanzu a kan kwali take kwana kuma ba zan yi ƙarya ince roba 90 ta canja Agege ba. Amma na tuna mamata a Kafanchan, in miya na kan wuta takan ɗiga min kaɗan a tafin hannu in lasa, ba ƙoshi zanyi ba, sai dai daga nan na san tabbas akwai tuwo a daren. Abin da na lasa kenan a bakin layin dogo.

Da zan tashi Iya ta riƙo hannuna, na zaci albarka zata sa min. Tace, "Wata mai zuwa ki ce musu a rage gishiri, ƙafata na kumbura."