Yau Muka Tone Waken 'Yan SS2

Laraba, ƙarshen Oktoba.

Tun makon da aka dawo hutu 'yan SS2 suka shuka wake a bayan ajinsu, cikin manyan gwangwanayen tumatir da robobin fenti da suka huda wa gindi. Daga ranar ba su bar ni na sha ruwa ba: "Malam, yaushe za mu tone?" Na yi ta ba su haƙuri, don idan aka yi garaje ba abin da za a gani. Jiya da na ga wasu sun fara fidda fure sai na ce kowa ya zo da shirinsa.

Aikin ba mai wuya ba ne. Ƙasa ɗaya muka ɗebo, ta jigawa marar ƙarfi, daga gonar da aka yi wake bara, muka raba ta uku. Kashin farko muka bar shi yadda yake. Na biyu aka soya shi a kasko har ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, don a kashe ƙwayoyin halittar da ke cikinsa, aka bari ya huce, kuma tafasasshen ruwan da ya huce kaɗai ake zuba masa. Na uku muka barbaɗa masa takin yuriya. Iri ɗaya aka shuka, a rana ɗaya, aka jera su wuri ɗaya. Suyar ƙasar wata ɗaliba ce ta ja ragama. Mahaifiyarta na sana'ar suyar gyaɗa da yashi, ita ta ɗauko kaskon daga gida, ita kuma ta nuna wa samarin ajin yadda ake juyawa don zafi ya ratsa ko'ina. Yarinya ce da ba ta cika magana a aji ba, amma ranar nan muryarta ake ji.

Da ƙarfe goma muka fita da bokitai. Kafin in gama bayani wani yaro ya riga ya cafki tushe ya fizgo kamar yana cirar ciyawa, saiwar ta fito tsirara, duk abin da muke nema ya zauna a cikin ƙasa. Na ji daɗi da abin ya faru da wuri, don kowa ya ga illar gaggawa da idonsa. Sauran sai suka jiƙa ƙasar, suka kife gwangwanin a tafin hannu, suka tsoma dunƙulen cikin bokiti suna girgizawa a hankali har laka ta saki.

Ga abin da ya fito daga gwangwanayen ƙasar gona: saiwa fara sol, a jikinta 'yan ƙullutai sun jeru, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun kusa ƙwayar dawa, sun fi yawa a sama kusa da gindin tushen. Na raba reza, ɗaya ga kowane rukuni, na ce su zaɓi babba su tsaga shi biyu a kan farar takarda. Ajin da ɗalibansa suka haura saba'in ya yi tsit na ɗan lokaci. Can sai wata daga baya ta ɗaga murya: "Malam, jini!" Cikin ƙullutun ruwan hoda ne mai duhu, yana ɗan naso a takarda. Nan take aka yi caa a kanta, kowa na son gani, alhali kowane rukuni na da nasa a gabansa.

Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Abin da ya ba cikin ƙullutun wannan launi ɗan'uwa ne ga sinadarin da ke sa jininmu ja, kuma aikinsu ɗaya: riƙe iskar oksijin. A nan na yi darasin, muna tsugune a ƙasa. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma shuka ba ta iya cin ta kai tsaye, ko da tana kewaye da ita dare da rana. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya a cikin ƙasa da ke shiga ta siraran gashin saiwar wake, waken ya gina musu wannan ƙullutu, ya ciyar da su sukarin da ganyensa ya haɗa, su kuma su kamo naitirojin daga iska su mayar da ita abin da shuka ke iya amfani da shi. Oksijin mai yawa na lalata wannan aikin nasu, shi ya sa jan sinadarin ke tsare ta yana sakinta kaɗan-kaɗan. Saboda haka ja alama ce ta ƙullutu mai aiki. Wanda aka tsaga aka ga fari bai fara ba tukuna, wanda ya koma kore-kore kuwa ya tsufa ya daina. Sun shiga tsagawa suna ware su kashi-kashi ba tare da na ce ba.

Na gaya musu cewa abin da suka yi yau kusan shi ne wasu Jamusawa biyu, Hellriegel da Wilfarth, suka yi har suka bayyana wa duniya a 1886: sun shuka dangin wake a yashin da aka kashe duk wata ƙwaya mai rai a cikinsa, suka ga ba ya yin ƙullutu kuma ba ya yin kyau sai an zuba masa ruwan ƙasar gona. A 1888 wani ɗan ƙasar Holan, Beijerinck, ya ware ƙwayar da kanta. Na kuma ɗaga musu tsohon buhun yuriya da na aro, suka karanta 46 da ke jikinsa, wato kashi 46 cikin ɗari na takin naitirojin ce. Wannan naitirojin ma daga iska aka kamo ta, amma a masana'anta, irin ta Lekki a Legas ko ta Eleme a Ribas, da iskar gas da zafin da ya haura digiri 400 da matsi mai tsanani. Ga shi kuma ana yin aikin nan shiru a cikin gwangwanin tumatir a bayan ajinmu. Duk shekara in na zo wannan wurin sai tsigar jikina ta tashi. Ikon Allah ke nan.

Waken da aka sa wa yuriya ya fi kowanne kyan gani, ganye kore shar, amma da aka wanke saiwar ƙullutan 'yan kaɗan ne, ƙanana. Na tambaye su dalili, ban ba da amsa ba. Aka yi ta ka-ce-na-ce. Daga ƙarshe wani dogon yaro da ke zama kusa da taga ya ce, "Malam, ai wanda ya ƙoshi a gida ba ya zuwa neman abinci maƙwabta." Haka abin yake. Idan naitirojin ta wadata a ƙasa, waken ba ya ɓata sukarinsa wajen ciyar da bakteriya.

Abin da ya fi tsaya min a rai yau shi ne na rukuni na huɗu. Ƙasar da aka soya ta ba da abin da ake tsammani a wajen kowa: tsiro siriri, ganyen ƙasa ya yi rawaya, saiwa fayau ba ƙullutu. Ban da su. Nasu gwangwanin ya fito da ƙullutai, har da jajaye. Ina zagawa sai na hango shugabar rukunin tana goge abin da ta rubuta, za ta sa "babu" kamar yadda sauran suka sa. Na tsaya a kanta na ce me ya faru. Idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Malam, namu ya lalace, kar a rage mana maki."

Na ji abin har zuciyata. Yarinyar ba maƙaryaciya ba ce, haka muka rene su. Tun firamare amsa ɗaya ce daidai, ita ce ta littafi, kuma duk abin da idonka ya gani da ya saɓa mata, idonka ne ya yi laifi. Na ce ta mayar da abin da ta goge, ta ƙirga ƙullutan ta rubuta adadinsu, sannan na tara ajin gaba ɗaya a kan gwangwanin. Na ce wannan shi ne mafi daraja a cikin duk waɗanda muka tone yau, domin shi kaɗai ne ya ba mu tambayar da ba mu zo da amsarta ba. Ta ina bakteriya ta shiga ƙasar da aka soya?

Wani ya ce ƙila suyar ba ta kai ciki ba. Mai kaskon ta ce a'a, tare aka soya ta kowa, aka raba. Wata ta ce ƙura. Aka ce to ai ƙurar ba ta zaɓi gwangwani ɗaya ba. Ana cikin haka sai wani yaro daga rukunin ya ɗaga hannu a sanyaye ya ce akwai ranar da ya ga saman ƙasar ya daskare, ya ɗauki tsinken da ake sassauta ƙasar sauran gwangwanayen ya sassauta tasu, don yana tausayin tsiron. Ajin ya ɗauki sowa. Na tsawatar, na sa aka tafa masa, domin ya faɗi gaskiya a gaban mutum saba'in, kuma ya nuna mana cewa ɗan abin da ya maƙale a bakin tsinke ya isa ya ɗauko rai daga wannan ƙasa zuwa waccan. Da mun yi wata guda ina bayanin yadda ƙwayoyin cuta ke bin hannu da kayan aiki, ba zai zauna musu kamar wannan ba. Rukunin ya samu cikakken maki, da sharaɗin su rubuta labarin tsinken a rahotonsu.

Duk wannan hidima Baba maigadi na tsaye daga gefe yana kallo. Tsoho ne da ya yi noma tun kafin a haife ni. Na ce, "Baba, ku matso ku gani mana." Ya karɓi saiwar ya juya ta, ya ce ai ya san su, duk mai cirar wake da gyaɗa ya san su, amma bai taɓa tsaga ɗaya ba. Aka miƙa masa reza. Ya daɗe yana duban jan nan, sannan ya ce, "Malam, ashe wannan ne. Mu dai mun tashi mun ga iyayenmu na sa wake a tsakanin gero, kuma inda aka yi wake bana, dawa ta fi kyau baɗi." Sai ya ja hankalin yaran da abin da ban shirya faɗa ba: kar su ɗauka duk ƙullutun saiwa alheri ne, akwai wanda ke fitowa a tumatir da kuɓewa, shi cuta ne, yana tsumburar da shuka. Gaskiyarsa. Wancan wasu 'yan tsutsotsi ne da ido ba ya gani ke haddasa shi, kuma bambancin a hannu ake jin sa: na wake a gefen saiwa yake, da ka murza sai ya ɓalle, na cutar kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura. Baba ya yi alkawarin kawo mana tushen kuɓewa mai cutar daga lambun ƙaninsa. Wata ta tambaye shi me ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashin gawo, ya ce saboda gawo na zubar da ganye da damina, ba ya tare rana, ganyen kuma taki ne. Na ƙara musu da cewa gawon ma dangin wake ne, su dubi 'ya'yansa.

A ofishin malamai wani abokin aikina ya ce min darasi biyu na cinye a kan abin da za a iya rubutawa a allo cikin minti goma, ga manhaja ba ta jira. Maganarsa na da ƙamshin gaskiya, don ni ma ina jin nauyin abin da ya rage kafin ƙarshen zango. Amma na sha tsayawa a zauren jarrabawar WAEC ranar firaktikal, na ga yaron da ya haddace shafi guda a kan saiwa an ajiye masa saiwar a gabansa ya rasa ta inda zai kama ta. Ana cewa ba mu da kayan aiki, kuma gaskiya ne, madubin duba ƙananan halittu ɗaya gare mu, shi ma a kulle yake yawancin lokaci. Sai dai aikin yau fakitin reza kawai na saya. Kuma ba ƙasar da ta kai Najeriya noman wake a duniya, Nijar ke bi mata. Wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau da kaka ya ga buhunansa ya san haka. Yara da yawa a ajin nan kuɗin waken ne ke ɗinka musu kayan makaranta. Bai kamata su gama sakandare suna zana saiwar da suka kwafa daga littafi, ba su taɓa wanke ta gonar gidansu sun duba ba.

Bayan an tashi, dogon yaron nan na kusa da taga ya biyo ni har bakin ƙofa. Ya ce wani abu na damunsa. Idan naitirojin ɗin na tafiya cikin ganye da 'ya'ya, su kuma a gidansu suna kwashe waken, su ɗaure harawa kaf su kai kan rufi don dabbobi ko su sayar da rani, to me ya rage wa gonar? Na ce tambayarsa a kan hanya take: mafi yawan abin da waken ya tara yana barin gona tare da amfanin, sai saiwa da ganyen da ya kaɗe, sai kuma abin da ya dawo ta hanyar takin dabbobin in an mayar da shi. Ya ce yana so ya gwada: ƙasa ɗaya, wata a cuɗa ta da harawa, wata da kashin awakin da suka ci harawar, wata ba komai, a shuka masara a ga wacce za ta fi. Na ce ya rubuto min tsarin a takarda, da abin da zai auna, da yadda zai tabbatar bambanci ɗaya ne tak tsakanin gwangwanayen, ya kuma nemi mutum uku da za su riƙa ban ruwa tare da shi tunda damina ta wuce. Ranar Litinin zai kawo. Gwangwanayen yau na sa an wanke an kife su a bayan aji, su zai yi amfani da su.