Asabar: Mashigun da Ba Wanda Ya Ba da Izinin Buɗe Su

Bayan sallar La'asar na je gidan Yaya domin in duba intanet ɗinsu da ke yawan katsewa. Waya ce ta saki a bayan rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, nan take aka gyara. Da na shiga shafin saitinta ta 192.168.1.1 ne na ga abin da ya tayar mini da hankali: UPnP, wato tsarin da ke ba na'urorin gida damar buɗe wa kansu mashigai (ƙofofin da saƙo ke bi daga intanet), a kunne yake, kuma jadawalinsa ya nuna cewa na'urar da ke naɗar hotunan kyamarorin gidan ta buɗe wa kanta mashigai biyu zuwa waje, lamba 80 ta shafin sarrafawa da lamba 554 da bidiyo ke bi. Kalmar sirrin na'urar naɗin kuwa har yau ita ce wadda ta zo da ita daga kamfani.

Yaya ya ce, "Ai ni ban buɗe komai ba." Na ce, "Gaskiya ne, Yaya, ba a ma tambaye ka ba."

Haka aka tsara UPnP tun da ya fito a 1999. A ƙa'ida rauta tana watsar da duk saƙon da ya zo daga intanet matuƙar ba wata na'ura ta cikin gida ce ta nema ba, amma idan UPnP na aiki, kowace na'ura da ke kan Wi-Fi tana iya umartar ta da ta buɗe mashiga, ita kuma ta bi ba tare da neman kalmar sirri ba. Ba ta bambanta talabijin da manhajar ɓarna da ta ɓuya a kwamfutar yara, tamkar mai gadin da ke buɗe ƙyaure ga duk muryar da ta yi magana daga tsakar gida.

A 2013 kamfanin Rapid7 ya gano na'urori fiye da miliyan 80 da ke amsa kiran UPnP daga intanet, alhali an yi shi ne don cikin gida kaɗai. A 2016 kuma manhajar Mirai ta mamaye kyamarori da na'urorin naɗa ta hanyar gwada kalmomin sirrin kamfani, aka yi amfani da su wajen kai wa Dyn, kamfanin da ke haɗa sunayen shafukan intanet da adireshinsu, harin da ya hana mutane da dama a Amurka shiga Twitter da Netflix. Ni abin da ya fi ci mini rai shi ne ɗaya daga cikin kyamarorin Yaya tana kallon tsakar gida ne, inda iyali ke zama.

Na kashe UPnP, muka sauya kalmomin sirrin rautar da na na'urar naɗin. Babban ɗansa ya nuna damuwa cewa PlayStation ɗinsa zai daina haɗuwa da abokan wasa, kuma yana da hujja, don haka na ba na'urar adireshi tsayayye, na buɗe mata mashigun da Sony ya ambata da hannuna. Kallon kyamarori daga kasuwa kuwa zai jira har mu kafa VPN, wato killatacciyar hanyar shiga intanet ɗin gidan daga waje, bayan na duba ko kamfanin da ya ƙera rautar yana ci gaba da sabunta manhajarta, domin idan ya daina, sayen sabuwa ya zama dole.