Daga Ƙofar Ruwa zuwa Marinar Ƙofar Mata

Na bar Katsina bayan sallar asuba, motarmu ta ratsa Bichi da Dawanau, inda manyan motoci ke jere cike da buhunan hatsi, muka sauka a tashar Ƙofar Ruwa da hantsi. Rabona da Kano ya kai shekara goma sha biyar, saboda haka abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne rashin 'yan acaɓa, waɗanda gwamnati ta hana su ɗaukar fasinja tun a watan Janairun 2013. A daidaita sahu ne ya gaje su, kuma duk inda mutum ya duba launin ɗorawa yake gani, ana ta danna ham ana neman hanya. Na shiga guda ɗaya na ce da matuƙin ya kai ni Ƙofar Mata.

Birnin ya sauya ƙwarai. Gadojin sama da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa sun bayyana a wuraren da na sani da cunkoso, shaguna masu hawa-hawa sun maye gurbin gidajen ƙasa, kuma a bakin titi mai gurasa da mai gyaran waya da mai na'urar cire kuɗi suna zaune a inuwa ɗaya. Ban ƙi wannan ci gaba ba, domin wanda ya taɓa shafe awa guda a Ƙofar Nassarawa ya san amfanin gada. Abin da ya sosa mini rai shi ne ganuwa. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta wajen ƙarni na 12, amma a yau akwai wuraren da ta zama tudun ƙasa kawai, an yanki wani sashe an yi shago, wani kuma an mayar da shi juji. Ita kanta Ƙofar Na'isa ta asali an rushe ta a 2010 domin faɗaɗa titi, aka gina sabuwa.

Marinar tana dab da babban titi, kuma a ƙofarta an rubuta shekarar 1498 a matsayin lokacin kafuwarta. Da shigata sai ƙarar motoci ta ragu, warin baba, wato ganyen da ake rini da shi, ya tare ni. Ramukan suna nan birjik a ƙasa, amma mafi yawansu a bushe suke, wasu har da leda da shara a ciki. Na iske wani dattijo a bakin nasa ramin, na ce, "Baba, sannu da aiki," ya amsa da fara'a ya nuna mini wurin zama. Ya bayyana mini cewa baba da toka da kanwa ake zubawa a cikin ruwa, a bar su makonni suna ruɓa kafin rini ya yiwu. Na zuba ido yana tsoma farin yadi, ya ɗago shi ya sha iska, ya sake mayarwa. Duk ɗagowar da ya yi, yadin yakan fito da launi mai kama da kore, sannan a gaban idona ya rikiɗe ya koma shuɗi, kuma a haka yake maimaitawa har launin ya kai duhun da ake so. Hannuwansa sun rine har gwiwa. Zanen da ke fitowa a jikin yadin kuwa aikin mata ne, waɗanda suke ɗaure shi da zare a cikin gidaje kafin a kawo shi marina, ko da yake ba kasafai ake ambaton su ba idan ana yabon sana'ar.

A gefe guda akwai mabuga, inda samari ke zaune suna dukan shadda a kan gungume da manyan sandunan itace, sautin yana tashi bi da bi kamar kiɗa, har tufar ta yi sheƙi. Su dai ba su rasa aiki ba, domin masu wankin manyan kaya na kawo musu kullum. Marina ne kasuwarsu ta ja baya, tun da atamfa da yadin da ake shigowa da su daga Sin suka cika Kantin Kwari da araha. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a nan suna kaiwa har Timbuktu. Yanzu kuwa na ga baƙi sun zo sun ɗauki hoto da wayoyinsu sun tafi ba tare da sun taya ko ƙyalle ba, kuma hakan ya dame ni.

Na sayi zane biyu, ɗaya na mahaifiyata ɗaya na uwargidana, ban kuma tsawaita ciniki ba. Daga nan na ratsa lunguna da ƙafa zuwa Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, na duba linzami da sirdi a wajen dukawa, na yi sallar la'asar. Kafin magariba na hau Dutsen Dala. Daga can sama na hangi koren ƙubbar Babban Masallaci, da rufin kwano iyakar ganina, ga kuma 'yan yatsuna sun yi shuɗi saboda zanen da na riƙe tun rana.